Zaɓen Babur na Fari: Shawara ga Matashi Sabon Mahayi

Gabatarwa

A zamanin da, idan saurayi ya kai munzalin mallakar doki, ba ya nufar kasuwa shi kaɗai. Akan haɗa shi da dattijon da ya san dawaki, wanda zai buɗe bakin dokin ya dubi haƙora don ya san shekarunsa, ya ɗaga kofato, ya shafa gadon baya ko akwai miki, sa'an nan ya sa a hau a yi sukuwa a gabansa. Ba a kuwa ɗora sabon mahayi a kan ingarma mai taurin kai. Akan fara shi da doki mai lafiya wanda ya saba da linzami. Yau babur ya gaji wurin doki a zaure da ƙofar gida, amma wannan al'ada ta neman shawara ba ta biyo shi ba. Saurayi yakan shekara yana tara kuɗi, ya tafi kasuwa da abokin da bai fi shi sani ba, ya zaɓo wanda ya fi ƙyalli da ƙara.

Abin da ke cikin wannan ciniki kuwa ya wuce kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Watau dai tsaran wanda ke shirin sayen babur ɗinsa na fari su ne abin ya fi ci. Saboda haka ya kamata a yi wa zaɓen babur irin natsuwar da magabata suka yi wa zaɓen doki.

Babur a Ƙasar Hausa

Tarihin babur mai aiki da fetur ya soma ne a ƙasar Jamus a shekarar 1885, lokacin da Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach suka ɗora inji a kan wani keken katako. Ita kanta kalmar “babur” baƙuwa ce. A Larabcin Masar da Sudan akwai kalma mai irin wannan lafazi da ake kiran jirgin ruwa ko inji da ita, wadda su ma suka aro daga kalmar Turawa mai nufin tururi, ana kuma ganin ta wannan hanya ta iso Hausa. A wasu sassa “mashin” ake cewa, a Nijar kuwa “moto”.

Da farko babur abin hawan malaman makaranta ne da akawuna da ma'aikatan gona. Ya yawaita ƙwarai bayan ƙarin albashin Udoji, wanda aka ba da shawararsa a 1974 aka kuma biya ma'aikata da ariyas a farkon 1975. A wannan zamani baburan Japan ne ke tashe, watau Honda da Yamaha da Suzuki, tare da Vespa ta Italiya wadda aka fara ƙerawa a 1946. A 1979 kamfanin Honda ya kafa masana'antarsa a Ota ta Jihar Ogun. Da tattalin arziki ya taɓarɓare, musamman bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, sai babur ya zama hanyar neman abinci: acaɓa a Kano, kabu-kabu a Sakkwato da Nijar, okada a kudu. Daga baya baburan ƙasar Sin masu sauƙin kuɗi, irin su Jincheng da Lifan da Haojue, suka cika kasuwa, kana na Indiya, irin su Boxer na kamfanin Bajaj da kuma TVS, suka biyo baya. Wannan yalwa ita ce ke rikita sabon mai saye.

Tambayar Farko: Wane Aiki Zai Yi?

Kafin a yi maganar suna ko launi, lalle ne matashi ya tambayi kansa aikin da yake so babur ya yi masa. Ɗalibin da zirga-zirgarsa ba ta wuce daga gida zuwa makaranta a kan kwalta ba, buƙatarsa dabam take da ta wanda zai riƙa zuwa ƙauye duk ƙarshen mako ta hanyar burji da yashi, ɗauke da buhun hatsi.

Ga na farko, ƙaramin babur mai buɗaɗɗen tsakiya, wanda ake kira roba-roba, ya wadatar. Irin wannan ƙira ta samo asali daga Super Cub na Honda da ya fito a 1958, wanda a 2017 aka cika guda miliyan 100 da ƙerawa. Ba shi da nauyi, ba ya shan mai, kuma yawancin irinsa ba su da kuloci na hannu, sai dai a taka giya kurum. Wasu samari kan raina shi da cewa na mata ne ko na dattawa, alhali kuwa ga mai koyo babu kamarsa, gama hankalinsa zai tafi ga hanya maimakon kokawa da kuloci.

Ga na biyu kuwa, babur mai tanki a gaba ya fi dacewa, domin cikinsa ya fi nisa da ƙasa, kujerarsa doguwa ce, yana da kariya mai ƙarfi a baya, tankinsa kuma yakan ɗauki lita 10 ko fiye. Wanda ya sayi roba-roba ya riƙa labta masa kaya a hanyar ƙauye zai ƙare a wurin bakanike. Wanda kuma ya sayi babban babur don tafiyar kilomita 5 a cikin gari ya ɗora wa kansa ɗawainiyar da ba ta da dalili. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Girman Inji da Nauyi

Ana auna girman injin babur da ma'aunin da ake rubutawa cc, watau faɗin sararin da fistin ke kaiwa da komowa a cikinsa. Gwargwadon yawan cc, gwargwadon ƙarfi da gudu da shan mai. Ga sabon mahayi, abin da ya dace shi ne tsakanin cc 100 da cc 125. Wannan ba ra'ayin matsorata ba ne. A Ingila, tun 1990 doka ta wajabta wa mai koyo ya yi horon farko kafin ya hau titi, kuma bayan horon ba a yarda ya hau abin da ya wuce cc 125 ba sai ya ci jarrabawa. Hikimar a fili take: hannun mai koyo bai saba da totur ba. In ya firgita ya murɗa da ƙarfi, ƙaramin inji zai zabura kaɗan ya ba shi damar gyara kuskurensa, babban inji kuwa zai kai shi bango kafin ya tuna inda birki yake.

Sai batun nauyi da tsayi. Ya kamata mai saye ya hau babur ɗin yana tsaye, ya ga ko tafin ƙafafunsa biyu suna taɓa ƙasa ba tare da ɗage ba. Ya kama kan ya tura shi gaba da baya, ya ɗora shi a kan jak, ya kuma tabbata in ya faɗi zai iya tayar da shi shi kaɗai. Yawancin faɗuwar sabon mahayi a tafiyar sannu take faruwa, wajen juyawa a lungu ko tsayawa a cunkoso, inda nauyin babur ke rinjayar mai shi.

Game da irin inji, akwai mai bugu biyu da mai bugu huɗu. Mai bugu biyu yana ƙona baƙin mai tare da fetur, shi ya sa yake hayaƙi da ƙara. Irinsa ne yawancin tsofaffin Suzuki da Yamaha na da. Mai bugu huɗu yana da ma'ajiyar baƙin mai dabam, ya fi tattalin fetur, ya kuma fi daɗewa, shi ne kuwa ya mamaye kasuwa. Tun da aka janye tallafin fetur a Nijeriya ranar 29 ga Mayu, 2023, tattalin mai ya zama abin dubawa na gaba-gaba. Babura masu aiki da batir ma sun fara shigowa, amma mai sha'awarsu sai ya fara sanin inda zai riƙa caji, da kuma kuɗin sabon batir in na ciki ya mutu.

Babur Ɗin da Bakanike ya Sani

Akwai wani darasi a tarihin CG125 na Honda. A 1974 injiniyoyin kamfanin sun zaga wasu ƙasashen Asiya, suka tarar mutane suna labta wa babura kaya fiye da kima, ba sa juye a kan kari, ba sa kai gyara sai abin ya tsaya cik. Sai suka ƙera inji mai sauƙin haɗi da juriya, suka fito da shi a 1975, ya kuwa karɓu a ƙasashe masu tasowa har kamfanoni da dama suka kwaikwayi ƙirarsa. Abin lura a nan shi ne, nagartar babur tana tafiya da halin wurin da zai yi aiki.

Don haka kafin a biya kuɗi, yana da kyau a zauna da bakaniken unguwa a tambaye shi irin babur ɗin da ya fi sani, da wanda kayansa suka fi samuwa. Babur ɗin da ake samun filoginsa da sarƙarsa da takalmin birkinsa a kowace rumfa, daga Ƙofar Ruwa a Kano zuwa Panteka a Kaduna har kasuwar ƙauye, ya fi baƙon babur mai tsada wanda in wani ƙaramin abu ya lalace sai an aika Legas ko Nnewi. Haka kuma irin da kowa ya sani ya fi saurin sayuwa ranar da mai shi ya so canji.

Sabo ko na Hannu?

Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida, sun kuma ce araha ba ta ado. Wanda ke da hali ya sayi sabo daga dila sananne, ya huta da tarihin da bai sani ba. Sai dai sabon inji yana son lallaɓawa: a kilomita 500 zuwa 1,000 na farko ba a ƙure masa gudu, ba a ɗora masa kaya mai nauyi, kuma akan yi juyen farko da wuri kamar yadda littafin da ya zo da shi ya nuna. Har wa yau, da yake a kwali ake kawo yawancinsu a haɗa a kasuwa, ya kamata a sa wanda ya sani ya bi kusoshi ɗaya bayan ɗaya ya ɗaure, musamman na tayoyi da na birki.

Na hannu kuwa yana da nasa amfani. Kuɗinsa bai kai ba, kuma sabon mahayi ba ya rasa kayar da babur sau ɗaya ko biyu, ƙujewar tsoho ta fi ta sabo sauƙin haƙuri. Amma a nan ne ake buƙatar idon dattijon nan mai duba haƙoran doki. A tafi da bakanike amintacce wanda ba shi da la'ada a cinikin, a kuma je da rana tsaka.

Da farko a taɓa injin, a tabbata da sanyinsa kafin a tayar, gama mai wayo yakan ɗumama inji mai wuyar tashi kafin mai saye ya iso. Inji mai lafiya yakan tashi a kik ɗaya ko biyu, ya tsaya da kansa ba tare da an riƙe totur ba. Sa'an nan a dubi salansa. A inji mai bugu huɗu, hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce ta baƙin mai yana ƙonewa, watau ringi ya cinye. Baƙin hayaƙi kuwa fetur ne ya yi yawa a kafireto, gyaransa ya fi sauƙi. A kasa kunne ko akwai ƙwanƙwasa daga cikin injin. A zaro ma'aunin baƙin mai: in ya yi kauri ainun, mai yiwuwa an zuba mai nauyi ne don a danne ƙara. A kwance filogi: bakinsa in ja-ja ne a bushe, lafiya, in baƙi ne mai maiƙo, akwai magana.

Bayan inji sai gangar jiki, wadda ta fi inji muhimmanci, domin inji ana gyara shi, amma shasin da ya lanƙwashe ba ya komawa daidai. A tsaya a bayan babur a hanga ko tayar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya. A duba wuyansa, inda kai ya haɗu da jiki, ko akwai walda ko sabon fenti, alamar ya taɓa yin karo. A ɗaga gaba a juya kan hagu da dama, a ji ko yana sarƙewa. A danna shakazoba a ga ko tana yoyo. Haƙoran da sarƙa ke bi a kansu in sun yi tsini sun karkace, to sun ƙare. A leƙa cikin tanki ko akwai tsatsa. A gefen taya akwai lambobi huɗu a jere, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tsohuwar taya mai tsattsagewa ba abin dogara ba ce ko da zanenta bai goge ba. Agogon kilomita kuwa kada a gaskata shi, gama ana tsinke wayarsa. Robar matakin ƙafa da ta hannu da lotsawar kujera sun fi shi faɗin gaskiya, su ne kuma ke tona babur ɗin da ya sha acaɓa aka yi masa kwalliya.

Takardu da Doka

Babur na daga cikin abubuwan da aka fi sacewa, wanda kuwa aka kama da kayan sata shi ke kwana a hannun hukuma, ko da da kuɗinsa ya saya. Saboda haka lalle ne a karɓi rasit na asali, a gwada lambar inji da lambar shasi da ke jikin ƙarfen da waɗanda ke takarda, harafi da harafi. Lambar da aka kankare ko aka sake bugawa ta isa a fasa ciniki, kome arahar. A rubuta takardar yarjejeniya da shaidu, in da hali a gaban shugaban 'yan kasuwar ko mai unguwa.

Dokar Nijeriya ta tanadi lasin aji A ga mahayin babur, ba a kuma ba wanda bai kai shekara 18 ba. Akwai rajista da lamba, akwai inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna. Ban da wannan, dokokin gari suna canzawa. An hana acaɓa a tsakiyar Abuja a 2006, an hana a birnin Kano a watan Janairu na 2013, kuma a 2021 jihohin Zamfara da Katsina sun kafa dokokin taƙaita amfani da babura saboda matsalar 'yan bindiga. Wanda ke da niyyar neman kuɗi da babur ɗinsa, ko tafiyar dare, sai ya binciki dokar da ke aiki a garinsa kafin ya saya.

Kuɗin da Ba a Gani

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a juye dukan abin da aka tara a kan farashin babur, a dawo gida aljihu wayam. Alhali kuwa bayan saye akwai rajista, da lasin, da hular kwano, da kwaɗo da sarƙar ɗaurewa, da juye a kai a kai, da faci, da fetur na kullum. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Gara a sayi babur mai sauƙin kuɗi a bar abin riƙonsa, da a sayi mai tsada a jingine shi a zaure. Wanda kuma zai karɓa bashi a biya kashi-kashi, ya tara jimillar abin da zai biya har ƙarshe, ya kuma san abin da yarjejeniyar ta ce in ya kasa biya wata guda.

Hular Kwano da Koyon Hawa

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa hular kwano ranar 1 ga Janairu, 2009. A lokacin an ga wasu mahaya a Kano sun kifa ƙwarya a ka don su kuɓuta daga kamu. Abin ya ba da dariya, amma ya nuna an ɗauki hular a matsayin haraji, ba garkuwa ba. Binciken likitoci kuwa ya nuna sa hula yadda ya kamata yana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 42 cikin 100, da raunin kai da kimanin kashi 69 cikin 100. Sharaɗin shi ne ta zama ta gaske mai kauri a ciki, ta yi wa kai daidai, a kuma ɗaure igiyarta a haɓa. Hular masu aikin gini ba ta wannan aiki ba ce. Ƙafa in ta karye ana ɗori, a gida ko a Asibitin Ƙashi na Dala; ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da maɗori.

Sutura ma abin lura ce. Silifa ba takalmin hawa ba ne. Hannun babbar riga, da bakin zane ko hijabin wadda aka goya, suna iya shiga sarƙa ko tayar baya su fizgo mutum ƙasa, don haka a tattare su kafin a tashi.

Koyo kuwa a fili ake yinsa, ba a titi ba, a hannun mai haƙuri wanda ya daɗe yana hawa. Abin da za a fara ƙwarewa a kai shi ne tsayawa. Da yawa suna tsoron birkin gaba, alhali shi ke ɗauke da mafi yawan ƙarfin tsayar da babur. Abin da ake so a matsa shi a hankali tare da na baya, ba a damƙe shi farat ɗaya ba, balle a kan yashi ko cikin kwana. Ya kamata kuma a san lissafin gudu. Mai tafiyar kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, kafin ma hannunsa ya kai ga birki. In kuma gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata ninki huɗu yake yi. Ga hazon hunturu, ga santsin ruwan farko, ga akuya da yaro da ke faɗowa titi ba sallama. A watannin farko kada a yi goyo, kada a yi doguwar tafiyar dare, kada kuma a shiga ayarin masu wasa da babur a bikin aure, inda ake ɗaga gaba don a burge 'yan kallo.

Kammalawa

Babur na fari makaranta ne, ba shi ne na ƙarshe ba. Wanda ya dace da matashi shi ne wanda ya yi daidai da aikinsa da tsayinsa da aljihunsa, injinsa bai wuce cc 125 ba, bakaniken unguwa ya san shi, takardunsa kuma tsaf suke. In ya shekara biyu a kansa lafiya, hannunsa ya faɗa, idonsa ya san hanya, to babu laifi ya nemi wanda ya fi shi. Iyaye da malamai da yayye su ma suna da hakki a nan, gama su ne a matsayin dattijon da ke raka saurayi kasuwar dawaki: su raka shi, su tambayi takardu, su kuma ƙi amincewa da babur ɗin da ya zo gida ba tare da hula ba. Tafiya sannu-sannu kwana nesa. Allah ya kiyaye hanya, amin.